Bitar Chamaerops humilis: gajeriyar bishiyar ado mai jure fari da sanyi

Duk wanda ya shiga wurin masu sayar da itatuwan ado zai tarar da dangin dabino a jere cikin tukwane, kuma kowacce aka nuna masa sai a ce ba ta da wahalar reno. Kaɗan ne daga cikinsu suka cancanci wannan shaida, kuma Chamaerops humilis tana sahun gaba a cikin kaɗan ɗin. Wannan bita ta shafi dashenta da ake sayarwa a tukunya. A ganinmu ta cancanci kuɗinta, amma da sharaɗi uku: a sayi wadda ta ɗan girma, a dasa ta inda ruwa ba ya kwanciya, a kuma nisanta ta da hanyar da mutane ke bi.

Asalinta yammacin Bahar Rum ne: kudancin Sifaniya da Fotugal, gaɓar Italiya da tsibiran Sisili da Sardiniya, sai Maroko da Aljeriya da Tunisiya. A can tana fitowa da kanta a gangaren duwatsu, a ƙasa marar kauri, inda ake shafe watannin zafi babu ɗigon ruwa. Daga nan ta samo halinta. Saiwarta ta saba da ƙasar da ke tsanewa da wuri, ganyenta mai tauri ne da iska ba ta yaga shi da sauƙi, kuma ko gobarar daji ta cinye samanta takan sake toho daga gindi. Tana da tsawon rai ƙwarai. A lambun tsirrai na birnin Padua a Italiya akwai guda da aka dasa a 1585, har yau tana raye.

Wanda ya san kaba zai gane siffarta nan take. Ganyen buɗaɗɗe ne mai yatsu, kowane yatsa yakan kai santimita 50 zuwa 80, yana tsaye a kan doguwar sanda. Bishiyar ba ganga ɗaya take yi ba. 'Ya'ya ne ke ta fitowa daga gindin uwar har su zama dunƙule, gangar kowannensu lulluɓe da zare mai ruwan ƙasa da ragowar tsofaffin ganye. Tsawonta yakan tsaya tsakanin mita 2 zuwa 5, kuma sai ta daɗe sosai kafin ta kai nan. Faɗinta ne abin da masu saye suka fi mantawa da shi, domin dunƙulen da aka bari ya sake yana iya cin mita 3 ko fiye.

Aibinta babba shi ne ƙaya. Gefen sandar ganyen cike yake da ƙayoyi masu tsini da ke fuskantar sama, kuma suna huda fata sosai. Ba mu ba da shawarar a sa ta a bakin ƙofa, ko kusa da wurin wasan yara, ko inda ake buɗe ƙofar mota. A bar aƙalla mita 2 tsakanin gindinta da hanya, mita ɗaya da rabi tsakaninta da bango. Aibi na biyu jinkirin girma ne. A shekara sau da yawa gangarta ba ta ƙara santimita 15, don haka wanda ya sayi ɗan tsiro mai ganye huɗu yana fatan inuwa nan kusa zai gaji da jira.

Wacce za a ɗauka a wurin saye

Iri uku aka fi gani. Akwai koriya ta asali, wadda ta fi saurin girma kuma ta fi samuwa. Akwai argentea, wadda wasu ke rubuta wa cerifera, 'yar duwatsun Atlas na arewacin Afirka, mai ganye shuɗi-shuɗi kamar an barbaɗa masa toka. Wannan launi wani kaki ne a fatar ganyen da ke rage ƙonewar rana da tsotsewar ruwa. Ta fi koriyar jinkiri, kuma launinta ba ya fitowa sosai sai a cikakkiyar rana. Ta uku ita ce Vulcano, gajeriya mai cunkoson ganye, ƙayarta kaɗan ce ko babu. Ga mai ƙaramin fili ko mai son ajiye ta a tukunya, Vulcano ce zaɓinmu. Ga wuri mai tsananin rana da bushewa, argentea.

Game da girma, tukunya mai lita 10 zuwa 15 ita ce mafi ƙanƙanta da ya kamata a saya don dasawa a ƙasa, wadda ta riga ta fara ganga kuma tana da 'ya'ya biyu ko uku a gefe. Kafin a biya, a yi wannan bincike, ba ya cin minti biyar.

A kama sabon ganyen tsakiya, wanda bai buɗe ba tukuna, a ja shi a hankali. Idan yana nan daram, zuciyar lafiya lau. Idan ya yi laushi ko ya fara zarewa, ko aka ji wari daga wurin, zuciyar ta ruɓe, a ajiye tukunyar. Dangin dabino ido ɗaya ne ke gare su a kan kowace ganga, daga nan duk sabon ganye ke fitowa, in ya mutu wannan gangar ta tafi ke nan.

Sannan a girgiza gangar. Wadda ta kama tukunyarta ba ta motsi ita kaɗai, tukunyar ce ke binta. Wadda ke lilo alama ce ta cewa kwanan nan aka haƙo ta daga gona aka datse saiwoyinta aka cusa a tukunya. Irin wannan tana iya rayuwa, amma takan yi shekara ɗaya ko biyu tsaye cak. In mai sayarwa ya yarda, a karkata tukunyar a zaro dunƙulen a duba. Saiwa mai lafiya fara ce ko ruwan ƙasa mai haske, da ƙarfi a hannu. Baƙa mai lugub da warin tsami shaidar an daɗe ana cika mata ruwa ce.

A juya ganyen a duba bayansa, ana neman ƙananan ƙwari masu manne wa jiki kamar ɓawo, ko fararen dunƙule masu kama da auduga a lungun sanda. A kuma lura da ganyen da ke da ramuka a jere a layi ɗaya, da gari mai kama da dusar katako a tsakanin gindin ganyaye. Waɗannan biyun alamar tsutsa ce a cikin ganga, kuma shigo da irin wannan dashe cikin lambu ya fi asarar kuɗinsa muni.

Abu na ƙarshe da ke yaudarar mutane shi ne kyau. Dashen da aka rena a ƙarƙashin rumfa yana da dogayen sanduna da ganye kore shar, ya fi na rana ɗaukar ido. In aka kai shi cikin rana kai tsaye, ganyen kan ƙone cikin 'yan kwanaki. Ba cuta ba ce. A ajiye shi mako biyu zuwa uku a inda yake samun ranar safe kawai, ana ƙara masa a hankali, kafin a dasa.

Dasawa

A nan ne yawancin asara ke faruwa, kuma kusan kullum dalilin ɗaya ne daga biyu: ruwa ya kwanta a saiwa, ko an binne gindin da zurfi.

A fara gwada ƙasar. A haƙa rami mai zurfin santimita 40, a cika shi da ruwa, in ya tsotse a sake cikawa. Idan ruwan na biyu ya ɓace cikin 'yan sa'o'i, wurin ya yi. Idan aka wayi gari yana nan, ƙasar laka ce mai riƙe ruwa. Kuskuren da ake yi a nan shi ne a haƙa rami cikin lakar, a zuba tsakuwa a ƙasa, a cika da yashi. Ruwan sama daga kewaye sai ya gangaro ya taru a cikin yashin, lakar gefe ta hana shi fita, saiwar ta zauna a jiƙe har ta ruɓe. Maganin shi ne a ɗaga wurin: a tara tudu mai tsayin santimita 25 zuwa 30 da faɗin mita ɗaya da rabi, na ƙasar wurin gauraye da yashi mai tsakuwa, a dasa a kansa.

A ƙasa mai tsanewa, ramin ya ninka dunƙulen saiwa sau biyu a faɗi, amma zurfinsa daidai da na dunƙulen, ba ƙari. Saiwoyin dangin dabino duka daga wani ɗan yanki a gindin ganga suke fitowa, kuma suna bukatar iska. In aka tura gindin ƙasa da santimita 10 ko 15 don ta tsaya da kyau, bishiyar ba ta mutuwa nan take. Sabbin ganye ne ke fara fitowa a koɗe, rawaya-rawaya, girma ya tsaya, bayan shekara ɗaya ko biyu gindin ya ruɓe, mai ita kuma ya ɗora laifin a kan taki. Saman ƙasar tukunya ya zo daidai da saman ƙasar lambu.

Kada a warware saiwoyin ko a yanke su kamar yadda ake yi wa wasu itatuwa. A zaro dunƙulen yadda yake, a sa, a mayar da ƙasar da aka haƙo, a danna da hannu ba da ƙafa ba. Ba a zuba takin zamani a cikin rami, yana ƙona sabbin saiwoyi. A yi ɗan kewaye da ƙasa don riƙe ruwan ban-ruwa, a zuba lita 20 a take. A rufe kewayen da busasshiyar ciyawa ko ɓawon itace mai kaurin santimita 5 zuwa 7, amma a bar tazarar santimita 10 daga gangar. Lokacin da ya fi dacewa shi ne farkon lokacin ɗumi, domin saiwar ba ta tafiya a ƙasa mai sanyi.

Juriyar fari da ake yaba mata sai bayan ta kafu take samuwa, kuma wannan ne masu sayarwa ba su cika faɗa ba. A mako biyun farko tana son ruwa kullum ko bayan kwana ɗaya, gwargwadon zafi. Daga nan sau biyu a mako har wata uku, sannan sau ɗaya a mako har shekara ta zagayo, lita 10 zuwa 20 kowane karo. Kafin a zuba a tura yatsa cikin ƙasa santimita 5, in da danshi a bari. Bayan shekara, ban-ruwa mai zurfi sau ɗaya a mako biyu ko uku a lokacin rani ya wadatar. Za ta rayu da ƙasa da haka, sai dai ganyen zai gajarta kuma girman zai ƙara jinkiri. A zuba ruwan a ƙasa, ba a kan zuciyar ba, musamman in ana sanyi.

Taki da abin da launin ganye ke faɗa

Ba mai ci da yawa ba ce, amma irin takin yana da muhimmanci. Masana a Jami'ar Filorida sun daɗe suna ba da shawarar takin dangin dabino mai lamba 8-2-12 (wato kason naitirojin, fosfaras da fotashiyam a jere) da ƙarin kashi 4 na magniziyam, wanda ke narkewa a hankali. Ma'auninsa kusan giram 70 ne ga kowace murabba'in mita. A barbaɗa shi ko'ina a ƙarƙashin inuwar ganyen, ba a tara shi a jikin ganga ba, sannan a yi ban-ruwa. Ga wannan bishiya sau biyu ko uku a lokacin girma ya isa, kuma na farko sai bayan mako shida zuwa takwas da dasawa. Takin ciyawar fili mai yawan naitirojin bai dace da ita ba. Yana tura ta fitar da ganye fiye da abin da fotashiyam ɗin ƙasar zai iya ciyarwa, sai ƙarancin ya ƙara tsanani.

Wurin da matsala ta bayyana shi ke nuna sanadinta. In tsofaffin ganyen ƙasa ne suka yi ɗigo-ɗigon rawaya ko ruwan lemo, bakinsu na bushewa, fotashiyam ne ya yi ƙaranci. In gefen tsohon ganye ya yi rawaya da faɗi amma tsakiyarsa kore, magniziyam ne. In kuwa sabon ganye ne ya fito a murɗe, ƙarami, kamar an babbaka shi, manganis ne, kuma ya fi faruwa a ƙasa mai yawan farar ƙasa. Sabon ganye mai koɗewa gaba ɗaya yana nuna ƙarancin sinadarin ƙarfe, amma kafin a sayi magani a duba zurfin dashen da yawan ruwa, domin galibi saiwar ce ta rasa iska. Ganyen da ya riga ya lalace ba ya komawa kore ko an zuba taki. A sabbin da ke fitowa ake ganin gyara, kuma a bishiya mai jinkiri irin wannan hakan na iya ɗaukar shekara.

Wannan ya kai mu ga yankan ganye. Bishiyar tana janye fotashiyam daga tsohon ganye ta kai wa sabo. In aka yanke ganye don ya fara rawaya, an cire mata ajiyarta, sai ta koma janyewa daga na sama, shi ma ya yi rawaya, a sake yankewa. Da haka ake mayar da kyakkyawar bishiya tsirara. A yanke wanda ya bushe ƙurmus kawai, a bar ɗan guntun sanda santimita 3 zuwa 5, kada a fizge, kada wuƙa ta taɓa ganga, domin raunin gangar dangin dabino ba ya warkewa. A sa safar hannu ta fata mai tsawo da tabarau. In za a tashi daga wata bishiya zuwa wata, a jiƙa almakashi ko zarto minti 10 a cikin bilic kashi ɗaya da ruwa kashi uku, sannan a ɗauraye.

Batun 'ya'yan gindi kuwa zaɓi ne, kuma gara a yanke shawara tun da wuri. A ganinmu ganga uku zuwa biyar masu bambancin tsawo sun fi kyau, sun kuma fi sauƙin shiga da hannu. Sauran a datse su tun suna ƙanana. In aka bar su shekaru, tsakiyar takan cunkushe da ƙaya da busassun ganye har gyara ya gagara.

A tukunya tana yin kyau fiye da yawancin danginta, saboda jinkirin nan ya zama alheri. Haɗin da ke aiki shi ne kashi biyu na ƙasar tukunya, kashi ɗaya na yashi mai kauri, kashi ɗaya na ƙananan tsakuwa. Tukunyar ta kasance mai zurfi da manyan ramuka a ƙasa, kuma kada a bar ruwa a farantin da ke ƙarƙashinta. A canza tukunya bayan shekara biyu ko uku, sabuwar ta fi tsohuwar faɗi da santimita 5 kacal. In bakin ganye ya fara ƙonewa kuma aka ga farin ɓawo a saman ƙasa, gishirin taki da na ruwa ne ya taru, sai a kwarara ruwa mai yawa ya wanke ta ƙasa. A cikin ɗaki ba ta daɗewa da kyanta, sai in taga ce mai samun rana sa'o'i da yawa.

Sanyi, zafi da ƙwari

Wadda ta kafu a ƙasa tana jure sanyi har wajen digiri 10 zuwa 12 ƙasa da sifili na ɗan lokaci. Sanyi mai haɗe da jiƙa ya fi busasshen sanyi yi mata illa, kuma ta tukunya ba ta kai ta ƙasa juriya ba tunda saiwarta a fili take. In bayan ƙanƙara ganyen tsakiya ya zare, a tsane ramin, a zuba maganin fumfuna mai sinadarin tagulla, a kare shi daga ruwan sama, a jira. Ko gangar ta mutu, gindin yakan fitar da sabbi, kuma wannan fifiko ne babba a kan masu ganga ɗaya. Zafi mai bushewa ba ya damunta in ta kafu. Inda ba ta jin daɗi shi ne wuri mai zafi da danshi duk shekara, nan ganyenta kan yi tabo-tabo na fumfuna. A irin wannan wuri a ba ta cikakkiyar rana da sarari don iska ta ratsa, a kuma guji jiƙa ganyen.

Babban maƙiyinta wani malam-buɗe-littafi ne mai suna Paysandisia archon, ɗan asalin Ajantina da Urugwai, wanda ya shiga kudancin Turai a shekarun 1990 ta hanyar dashen da aka shigo da su. Tsutsarsa ce ke huda ganga, ita ce mai barin ramukan nan na jere da garin da aka ambata. Jan ƙwaron dabino, Rhynchophorus ferrugineus, shi ma yana iya kama ta, ko da yake ya fi son wani dabinon ado mai suna Phoenix canariensis. Dukansu ɓarna ta yi nisa kafin a gani daga waje, don haka gangar da ta kamu sosai a sare ta a ƙona. Ƙananan ƙwari masu mannewa kuwa ana maganinsu da man feshi na lambu ko ruwan sabulu, da yamma, a maimaita bayan kwana 7 zuwa 10 har sau uku.

In aka jera ta da takwarorinta, Trachycarpus fortunei ta fi ta jure sanyi kuma ba ta da ƙaya mai huda, amma iska na yayyaga ganyenta kuma tana wahala a zafi mai bushewa. Washingtonia robusta tana girma da sauri, sai dai takan wuce mita 20, ta fi ƙarfin ƙaramin fili. Phoenix roebelenii ta fi taushin gani, amma ba ta jure fari ko sanyi kamar wannan. Wanda ke son inuwar zama ya nemi wata bishiyar, wannan ba za ta ba shi ba.

Galibi namiji daban mace daban, kuma macen ce ke yin 'ya'yan itace ƙanana da ke tashi daga kore zuwa ruwan lemo zuwa ruwan ƙasa. In sun nuna suna da wari marar daɗi, don haka in tana kusa da wurin zama a yanke zangarniyar tun suna kore. Mai son shuka iri ya bar su su nuna, ya wanke naman tas, ya jiƙa ƙwallon kwana biyu yana canza ruwan, ya shuka a zurfin santimita ɗaya cikin yashi mai danshi a ɗumin digiri 25 zuwa 30. Tsiro yakan fito bayan wata biyu zuwa uku, wasu su fi haka. Irin da aka ɗebo daga Vulcano ba lallai ya yi kama da uwarsa ba, don haka mai son wannan siffa sai ya raba ɗan gindi wanda ya riga ya yi saiwarsa, ya ajiye shi a inuwa har ya ga sabon ganye.